Ɗanbaba Baduku da Tutar da Ta Zuba

A rumfar Ɗanbaba, can gefen kasuwar Dogon Dutsi wajen masu igiya, akwai jar fata, akwai baƙa, akwai rawaya da tsanwa, duk a rataye suna lilo. Ruwan goro ne kaɗai babu. Mutum zai yi ta wucewa bai lura ba. In ya lura kuwa, zai yi mamaki, don ga ja ga rawaya gefe da gefe, kuma kowane baduku ya san abin da ke fitowa in an haɗa su.

Da ya idar da sallar asuba, yakan leƙa tukwanen jima da ke bayan ɗakinsa, don shi da kansa yake jeme 'yan fatunsa. Ya juya waɗanda ke kwance cikin ruwan bagaruwa, ya ɗaga ɗaya ya shinshina, ya mayar. Sannan ya sha kunun da matarsa Ladidi ta dama, ya rataya jakar kayan aiki, ya kama hanya. Hanyar kasuwa daga gidansu miƙaƙƙiya ce, ta gaban lakwal, wato makarantar boko, take bi. Ɗanbaba ba ya bin ta. Yakan zagaya ta bayan gari, cikin rairayi, ya iso rumfa ƙafafunsa furu-furu. Ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya sunkuya kan aiki. In ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma da wuya ya ɗago ido ya dube ka.

A kakar bana zai rufe rumfar nan. Idonsa ya fara hazo, basilla tana kuskure rami. Zai koma Ɗan Kassari wurin ƙanensa ya yi noma. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana nan cikinmu, ko da yake na san ba zai so ba.

Masu amalanken jaki su ne za su fara ba da shaida. Lokacin da amalanken ya shigo ƙasar nan, da igiya ake ɗaura wa jaki a ƙirji, ba a jimawa sai ka ga gyambo, ƙuda na bi. Aka riƙa kawo wa Ɗanbaba igiya ya naɗe ta da fata, yana naɗewa, gyambo bai daina ba. Wata rana yana zaune sai ya ga wata mace ta sauke tulu tana gyara goyonta. Ya lura majanyin da faɗi yake kama ƙirjinta, shi ya sa take yini da yaro a baya bai yanke ta ba. Washegari ya yanka fata mai faɗin tafin hannu biyu, ya cusa audugar rimi a ciki, ya ɗinke. Yau daga Dumega har Tibiri irin wannan ɗamarar jakuna ke sawa, dukawa da yawa sun kwaikwaya, ba kuma wanda ke tuna daga hannun wa ta fito.

Jakar ɗiyan lakwal ma tasa ce, wadda aka yanka daidai allonsu, da ɗan aljihu mai tauri a gefe don kada alli ya karye. Mutanen mishan kuwa sun taɓa kawo masa littattafan waƙoƙin addu'arsu da suka yage. Shi musulmi ne, amma ya yi musu sutura da jar fata. Abu ɗaya ya tambaya, ko a ɗaka ake karanta su ko a waje, don ya san irin fatar da zai zaɓa.

Duk da haka, in ka shiga kasuwa ka ce kana neman Ɗanbaba, sai a ce maka, "Wane? Zuba?" Ga inda sunan ya samo asali.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ana shirin bikin uku ga Agusta, diraktan lakwal na lokacin, Mushe Félix, ya zo rumfar. Ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma, abin da ma'aikatan gwamnati ba su saba yi ba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa Mushe, sannu da rana. Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Baba, fet ta matso, kuma tuta guda aka aiko daga Yamai, tana can biro, ofishin hukuma. Lakwal ba ta da komi. Hwari mun samu, tsanwa mun samu ga kanti. Ruwan goro ne, har Dosso na aika, babu ko ƙyalle."

"Ruwan goro," in ji Ɗanbaba, yana duban fatun da ke rataye.

"An ce mini duk Arewa ba mai fid da shi kamar kai. Babba guda muke so, da ƙanana da yara za su riƙa. Ƙasa ce ta zo gare ka, Baba, ba ni ba."

Maganar gaskiya ta zo har bakinsa: shi mai fata ne, bai taɓa rina ƙyalle ba. Amma a nan, mai sana'a ba ya ce wa wanda ya zauna kan tabarmarsa "ban iya ba". In aiki ya fi ƙarfinsa, sai ya yi ta cewa a dawo jibi, har mai kaya ya gane da kansa ya kai wani wuri, ba wanda ya ji kunya. To, bikin yana da ranarsa, ba ya jiran jibi. Ga kuma masu igiya duk sun kasa kunne. Ɗanbaba ya ce, "Allah shi ba mu iko."

Ya yi yadda ya gada. Ya daka karan dafi, ya jiƙa da ruwan kanwa, ja ya fito. Ya kirɓa saiwar rawaya. Ya yi ta haɗawa kaɗan-kaɗan har launin ya tsaya inda yake so, ya tsoma farin alawayyo, ya shanya a inuwa. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin ruwan goro mai kyan wannan ba, kamar rana in ta kusa faɗuwa bayan dutse. Madam Agathe, wadda ke koya wa mata ɗinki a mishan, ita ta haɗa tutocin da kekenta: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irarsa, tsanwa a ƙasa.

Ranar biki aka jera yara a filin lakwal, kowa da farar riga sabuwa, waɗansu ma ita ce rigar farko da aka taɓa ɗinka musu. Kowane yaro da 'yar tutarsa a kan karan dawa. Mushe Félix ya kamo hannun Ɗanbaba ya kawo shi gaba, kusa da manyan gari, ya faɗi sunansa da ƙarfi. Aka ɗaga babbar tuta. Sai hadari ya taso daga gabas. Mutane suka yi murna, ruwa ranar biki ai albarka ce. Ba wanda ya motsa, yara suka ci gaba da waƙa.

Shi ya fara gani. Wani siririn layi ya gangaro daga sama ya ratsa farin. Wani ya biyo shi. Da'irar tsakiya ta fara baɗewa kamar an fasa ƙwai. Kafin a gama waƙa, farin tuta ya koma ja-ja, ruwa mai launi yana bin sanda yana sauka ƙasa. Ƙananan tutocin kuwa a hannun yara suka zube, ya bi gwiwar hannu, ya sauka kan fararen riguna. Wata yarinya ta dubi gabanta, ta fashe da kuka tana kiran innarta.

Ruwa na ta zuba. Can sai muryar Inusa mahauci, taubashin Ɗanbaba, wanda ke sayar masa da ɗanyun fatu:

"Kai taubashi! Ƙasa jiya-jiya ta samu kanta, har ka sa mata haɓo?"

Dariya ta ɓarke. Inusa wasa yake yi, irin wanda aka halatta tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, kuma da ma mutane na neman abin da zai sauke musu nauyin da suke ji. Amma Ɗanbaba yana tsaye a gaba, ba inda zai ɓuya, ruwa na bin fuskarsa, hannayensa har lokacin da sauran launin a farce.

Ba dariyar ce ta fi ci masa rai ba, in ji Ladidi. Washegari wata mata ta zo rumfa da rigar ɗanta. An wanke ta, launin bai zauna inda aka sa shi ba, bai kuma fita sarai inda ya sauka ba. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta shimfiɗa rigar a gabansa, ta tsaya kaɗan, ta naɗe abinta ta tafi. Mushe Félix kuma an kira shi biro an yi masa faɗa, amma bai taɓa ɗora wa Ɗanbaba laifi ba, kullum in ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Wannan gaisuwar ta fi zagi zafi. Da aka mayar da Mushe Félix wani gari daga baya, kamar yadda ake yi wa malamai kullum, ba wanda ya iya gamsar da Ɗanbaba cewa ba saboda shi ba ne. Tun ranar ya sauke duk wata fata ruwan goro daga rumfarsa, ya kuma bar hanyar lakwal.

Kai ne, Baba, da za ka iya cewa ai ruwa ne, ai ƙyallen kanti ne marar kyau, ai matsa maka aka yi. Ba ka ce ko ɗaya ba. Kai ne ka ci gaba da ɗinka jakar yaran nan da ka ɓata wa riguna, kana ƙara musu ninki a gindi ba tare da an ce ka ƙara ba. Mu kuwa mutanen gari, da takalminka a ƙafarmu muke kiran ka Zuba, har yaran da ba su ga ranar ba suka tashi da sunan a bakinsu, suna zaton na yanka ne.

Abin da gari bai sani ba yana bayan gida. Kowace damina, Ɗanbaba yakan yayyanka alawayyo ƙanana-ƙanana, ya rina, ya rataya a darni, ya jira ruwa. Ya gwada gishiri. Ya gwada lemun tsami, wanda ke kama launi a fata. Ya gwada toka, ya gwada tafasawa, har goron kansa ya daka ya gwada. Ruwa ya zo, ya wanke, ya bar masa darni mai ja-ja.

"Maigida, a rage tsummokin ga," in ji Ladidi wata rana. "Maƙwabta sun fara tambayata ko wata doguwa muke roƙo."

"Ki ce musu e."

"Wace?"

"Mai taurin kai."

Ladidi ta yi dariya, shi bai yi ba. Ta san ba tuta ce kawai ke damunsa ba. So yake ya ga ranar da zai ɗaga kai a garin nan kafin idonsa ya rufe, kuma ya riga ya yanke wa kansa cewa ba zai ɗaga ba sai launin ya zauna.

Amsar kuma daga wankinta ta fito. Wata safiya tana shanya, ta ɗago wani tsohon tsumma tana mita.

"Wai wanga tsumma naka, mi ka sa mishi? Na wanke, na sake wankewa, ya ƙiya."

"Wane?"

"Na tatar bagaruwa. Wanda kake share hannu da shi in ka gama rini."

Ɗanbaba ya karɓa. Tsumman ya yi shekaru yana shan ruwan jima, kuma ga shatar yatsunsa a jiki, ja da rawaya da inda suka haɗu, daram. Ya daɗe yana juya shi. Fata ba don fata ce take riƙe launi ba, don an jeme ta ne. Shi kuwa ya ɗauki ɗanyen ƙyalle ya shafa masa rini, abin da ko yaron baduku ba zai yi wa ɗanyar fata ba.

"Ashe ƙyalle ma sai an jeme shi," ya ce.

"To jeme shi mana, ka bar ni in yi shanyata."

Ya jeme. Launin ya kama, amma ya fito a dushe kamar jar ƙasa. Aka sake komawa darni. Ladidi ce ta ce ya gwada alif, wanda mata ke jefawa cikin ruwan tabki don laka ta kwanta, tunda ta ga yana sa komai ya washe. Bagaruwa tukuna, sannan alif, sannan rini. Damina ta zo ta wuce a kan wannan ƙyallen, bai motsa ba.

Sai ya rina babba, daidai na tuta, ya ninke, ya sa ƙarƙashin gado. Don wa zai kai wa? Yanzu daga Yamai ake aiko da tutoci na masana'anta, kowace lakwal da tata. Ba mai bukatar baduku. Kuma da wane baki zai je ya ce a sake gwada shi?

Ladidi ce ta ɗauka a ɓoye cikin kwando, ta kai mishan. Madam Agathe ta warware ƙyallen, ta duba shi.

"Inna, kin san ni ma ina da rabona cikin kunyar nan," ta ce. "Wace tela ce ke ɗinka sabon ƙyalle ba ta jiƙa shi ba? Kyan shi ya ruɗe ni. Baba shi kaɗai ya ɗauka, ni na ɓuya bayan kekena."

"To, ga shi nan. Ni dai bai san na zo ba."

"Za shi sani ranar fet."

Ta ɗinka. Ta je wurin sabon dirakta, wanda bai ga waccan ranar ba amma ya sha jin labarinta, ta yi ta magiya har ya yarda a ɗaga wannan a maimakon ta Yamai. Ana gobe biki Ladidi ta gaya wa mijinta. Ya ajiye cokalin da ke hannunsa, bai ƙara cin komai ba.

Bikin bana ya zo. Ɗanbaba ya tsaya can baya, gindin tsamiya, inda masu tallar gyaɗa ke zama. Aka ɗaga tutar. Labari ya riga ya zaga, don haka idanu biyu-biyu ake yi, ɗaya ga tuta, ɗaya ga gabas. Shi ma gabas yake duba. Tun da yake bai taɓa roƙon ruwa kamar ranar ba, ko a shekarar fari. Sama kuwa tas, ko gizagizai babu. Aka yi waƙa, aka yi jawabi, aka yi kokawa, tuta na kaɗawa a bushe, kyakkyawa kamar waccan ta farko kafin hadari. Bushewarta ba ta wanke shi ba. Da la'asar aka sauke ta, ya ji kamar an mayar da shi inda ya fito.

Madam Agathe ce ta miƙa hannu ta karɓa daga wurin dirakta.

"Mushe, ta sha ƙura. Bari in wanke ta kahin a ajiye."

"Yanzu, Madam?"

"Yanzu. Ga rijiya nan."

Rijiyar bakin lakwal cike take da mata masu ɗiban ruwan yamma. Ta ari farar fanteka da sabulu, ta ɗaure zanenta, ta durƙusa, ta dulmiya tutar gaba ɗaya. Mutanen da suka fara watsewa suka dawo. Ta cuɗa, ta murza, ta haɗa ruwan goron da farin wuri guda ta matse, kamar mai wankin kayan gona. Ɗanbaba bai matso ba. Daga inda yake bayan mutane kawai yake gani, da kumfa na tashi. Ya kama jikin tsamiyar da hannu ɗaya.

"Madam, ƙara sabulu!" Inusa ne, ya kutsa har gaba. "Taubashina ne, na san halinshi, sai an juya baya yake zuba."

"Zo ka murza da kanka, Malam Inusa, kai da ke da ƙarhin hiɗa."

Aka yi dariya. Ta ƙara sabulun. Ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, ta ɗaga fantekar ta karkata don kowa ya gani. Ruwa ne da ɗan duhun ƙura, ba komai. Mata biyu suka kama bakin tutar suka ware ta. Farin tsakiya fari ne fat, da'irar tana zaune da bakinta kamar an yanka da aska.

Inusa bai gamsu ba, ko kuwa so yake kowa ya gamsu. Ya cire farar hularsa, ya dunƙule, ya goga a kan jiƙaƙƙen ruwan goron da ƙarfinsa duka. Ya buɗe, ya duba, ya juya, ya sake dubawa. Wannan karon bai sami abin wasa ba. Ya mayar da hular kansa a jiƙe, muryarsa ta sauka.

"Jama'a, ina Ɗanbaba?"

Rabon da a ji sunan nan shi kaɗai, ba Zuba, a bainar jama'a, an daɗe.

Mun gode, Baba, baduku mai jan hannu. Mun gode da jakunan da suka warke, da allin da bai karye ba, da shekarun da ka yi kana gyara abin da ba wanda ya ce ka gyara. Ka yafe mana tsawon dariyarmu. A Yamai da Dakar, samari da 'yan mata masu zane da ƙira suna ta tambaya, ina za a samo sabon salo da zai dace da sabuwar ƙasa? Su zo su ji inda kai ka samo naka: a majanyin mai goyo, a tsumman da ya ƙi wankuwa, a bakin matar da ke shanya kusa da kai. In aka kawo musu abin da ba su iya ba, su faɗa tun da wuri. In kuma ya riga ya zube a gaban jama'a, su koma bayan gida su rataya wani a darni. Mu kuma sauran, in mai sana'a ya kuskure sau ɗaya, kada mu mai da kuskuren sunansa.

Mutane suka waiga wajen tsamiya, suka buɗa hanya don ya shigo. Yana nan tsaye. Ya dubi tutar da ke ɗiga a hannun matan, ya daɗe yana dubanta, kansa a ɗage. Dirakta ya taho da hannu a miƙe, wata mata ta fara guɗa. Ɗanbaba ya sa bakin rigarsa ya share ido, ya gyara hularsa, ya ratsa ta bayan masu gyaɗa, ya tafi gida.